Lensin Wani Gida a Kan Kyamarar Wani Gida

 

Sharhinmu na yau ya shafi masu ɗaukar hoto da masu ɗaukar bidiyo, amma wanda bai taɓa riƙe babbar kyamara ba kada ya yi saurin murɗa akwatin rediyonsa. Duk wanda ya taɓa sayen kaya, daga baya ya gano an ƙera su ne yadda gobe ma dole ya koma shagon da ya fito, zai gane inda muka dosa.

Tambayar da ke yawan tasowa a tsakanin masu sana'ar ita ce: ina da lensin Nikon, ga shi na samu kyamarar Canon ko Sony da araha, zai hau? To, wani lensin yana hawa ya yi aiki lafiya lau. Wani ko kusa ba ya hawa. Wani kuma ya hau, ya zauna daram, amma ya ƙi yin rabin aikin da aka san shi da shi. Abin da ke raba su ukun nan 'yan milimitoci ne na ƙarfe, sai kuma, a shekarun baya-bayan nan, abin da kamfani ya ga dama ya ɓoye a cikin manhaja.

Babbar kyamara kashi biyu ce. Akwai bodi, wato gangar da ake riƙewa, mai batir da maɓallai da sensa, ɗan farantin nan da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Akwai kuma lensi, gilashin da ake ɗaurawa a gaba. Bodi yana tsufa da wuri. Shekara biyar ko shida, an fito da wanda ya shafe shi. Lensi kuwa, in ya samu kulawa, sai ya ga bayan bodi huɗu. Wanda aka ƙera a 1975 yau ma yana ba da hoto kamar ranar da ya baro masana'anta. Saboda haka dukiyar mai hoto a lensunansa take, kuma kamfanoni sun fi kowa sanin haka. Mutumin da ya tara lensi biyar na gida ɗaya ba ya tashi rana tsaka ya ce ya sauya sheƙa.

Inda lensi da bodi suke haɗuwa, nan ne bakin kyamara, kuma kowane kamfani da irin nasa. Haƙoran da ke maƙalewa sun bambanta, faɗin bakin ya bambanta. Waɗannan biyun maƙeri mai injin kirki zai iya shawo kansu. Na ukun shi ne mai wuyar: tazarar da ke tsakanin baki da sensa. Kowane lensi an lissafa shi ne ya zauna a wata tazara takamaimai daga inda hoto ke sauka. Lensin Nikon na bakin F yana son milimita 46 da rabi. Na Canon na bakin EF yana son 44. Tsofaffin lensunan Pentax da na Rasha masu murɗi suna son kusan 45 da rabi.

Ku riƙe lissafin nan, domin komai a kansa ya rataya. Idan tazarar bodinka ta gaza abin da lensi yake so, sai a cike giɓin da zoben ƙarfe. Zoben nan shi ne adafta. Lensin Nikon a kan bodin Canon: 46 da rabi a cire 44, saura milimita 2 da rabi, sai a sa siririn zobe mai wannan kauri, shi ke nan. Amma ku juya maganar. Lensin Canon a kan tsohon bodin Nikon yana buƙatar ya kutsa cikin kyamara da milimita 2 da rabi, kuma babu hanyar kutsawa. In ka tilasta shi ya zauna a waje, zai ɗauko maka zoben da ke yatsan amarya tangaram, amma hasumiyar masallacin da ke tsallaken titi sai dai ka gan ta dishi-dishi, duk yadda ka murɗa. Akwai adaftar da ake sa wa ɗan gilashi a ciki don ta gyara wannan, sai dai gilashin yakan zama na banza, ya ɓata hoton da ka sayi lensi mai tsada dominsa. Wannan ne ya sa a zamanin kyamarori masu madubi, bodin Canon ya zama mai karɓar baƙi: Nikon, Pentax, Olympus, Leica R, Contax, duk suna sauka a kansa. Bodin Nikon kuwa kusan nasa kaɗai yake karɓa.

Abin dariya a nan shi ne, baƙon da Canon ya kasa saukarwa ɗan gidansa ne. A 1987 kamfanin ya watsar da tsohon bakinsa na FD, ya fito da EF. Tazarar FD milimita 42 ce, ta EF kuwa 44. Wato duk wanda ya shafe shekaru yana tara lensunan FD, ya wayi gari ba za su hau sabuwar kyamarar kamfanin da ya sayar masa da su ba. An yi surutu, an yi fushi, wasu suka koma Nikon, wanda shi ya riƙe bakinsa na F tun 1959. Lensunan FD suka zama marayu, suka shafe fiye da shekara ashirin a shagunan gwanjo ana sayar da su a wulaƙance. Yau masu shirya fim ne ke farautarsu, kuma wasu daga cikinsu sun yi tsadar da mai su na farko ba zai yarda ba in aka gaya masa.

Kada wani ya ɗauka dama can haka duniyar take, kowa da bakinsa. An taɓa yin zamanin baki ɗaya. A 1949, a Jamus ta Gabas, aka fito da baki mai murɗi da ake kira M42, wanda ake juya lensi a cikinsa har ya ɗaure. Praktica ta ɗauka, Pentax ta Japan ta ɗauka ta yaɗa shi duniya, Zenit ta Tarayyar Sobiyet ta bi, haka Yashica da Ricoh da Fujica. Mutum ya sayi bodi daga Dresden, lensi daga Tokyo, ya haɗa, babu mai ce masa don me. Gaskiya ne murɗin yana cin lokaci, kuma da kyamarori suka fara buƙatar sanin abin da lensi yake ciki, bakin ya gaza. Amma maimakon a zauna a fitar da sabon baki na kowa da kowa, sai kusan kowane kamfani ya ja nasa layin. A ganina fasaha ta ba da dalili, ciniki kuma ya yi amfani da dalilin.

To me ya sa tazarar ta kai milimita arba'in da wani abu tun farko? Madubi ne. A cikin waɗancan kyamarori akwai madubi tsakanin lensi da fim, wanda ke tura hoto sama zuwa idon mai ɗauka, in an danna kuma ya ɗaga ya ba haske hanya. Ƙarar nan ta "ƙwas" da kuke ji a wurin biki, yawancinta ta madubin ce. Dole a bar masa filin da zai yi wannan tsalle. Ranar da aka cire shi, sai filin ya zama fanko.

Panasonic ce ta fara a 2008 da kyamararta G1, mai tazarar milimita 19 da 'yan kai. Sony ta biyo a 2010 da bakin E, milimita 18, sannan a 2013 ta fitar da A7 mai cikakkiyar sensa, girman tsohon fim. Canon da Nikon suka yi ta jan ƙafa a kan marar madubi mai cikakkiyar sensa har 2018, lokacin da Canon ya fito da RF mai milimita 20, Nikon ya fito da Z mai 16. Ku koma kan lissafinmu. Lensin Canon EF a kan Sony: 44 a cire 18, saura milimita 26. Fili ne har da ragi. Lensin Nikon F, na FD marayun nan, na Minolta, na Leica M mai milimita 28 ba kaɗan, na Rasha, kusan duk wani lensi da aka ƙera wa fim a ƙarni na ashirin, ya samu wurin zama. Babu kamfanin da ya zauna ya ce bari in 'yantar da masu hoto. So suke su rage wa kyamara girma da nauyi, 'yancin ya biyo a matsayin gyara. Sony ce ta fi cin moriyarsa. Lokacin da ta fito da A7, lensunanta na wannan baki ba su taka kara sun karya ba. Adafta ce ta yi mata dakon kwastomomin Canon da Nikon, suka tsallako da kayansu a hannu.

Yanzu mu zo kan zoben kansa, domin iri biyu ne, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Akwai adafta ta ƙarfe zalla, babu waya babu komai. Ita ta tsofaffin lensuna ce, waɗanda komai nasu a hannu yake: zobe ɗaya na fokas, zobe ɗaya na buɗe ƙofar haske da tsuke ta. Ka daidaita jan ɗigon lensi da na adafta, ka murɗa har ka ji ta ce "ƙit", sannan ka ɗaura su biyun a bodi. Sai ka kunna, ka danna, kyamara ta ƙi ɗauka. Mutane da yawa a nan suke yanke hukuncin an cuce su. Ba a cuce ka ba, malam. Kyamarar ce ba ta ji motsin lantarki a bakinta ba, sai ta ɗauka babu lensi. Ka shiga saitinta ka ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba. In bodin yana da na'urar hana girgiza, ka rubuta masa tsawon lensin da hannunka, ko 50 ne ko 135, in ba haka ba gyaran girgizar zai zama ƙarin girgiza. Daga nan sai aikin ido da yatsa. Sababbin kyamarori suna taimakawa: suna shafa launi a gefen abin da ya fito sarai, suna kuma ƙara girman hoton a allo ka duba ƙwayar idon mutum kafin ka danna. Shi ya sa yin fokas da hannu ya fi sauƙi yau a kan lokacin da aka ƙera lensunan.

Amma ka ɗauki lensin Canon EF ka sa shi a irin wannan zobe, ka ga ikon Allah. Lensin EF ba shi da zoben ƙofar haske ko kaɗan. Bodi ne ke aika masa saƙo ta 'yan ƙananan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da ke gindinsa. Babu saƙo, ƙofa na nan a wangame, ba ka da ikon tsuke ta. Tsofaffin hannu suna da dabara: su ɗaura shi a bodin Canon, su tsuke ƙofar yadda suke so, su danne maɓallin gwaji, su cire lensin yatsa na kan maɓallin, sai ya tsaya a haka. Dabara ce ta fita kunya, ba ta aikin yini ba. Lensunan Nikon masu harafin G su ma ba su da zoben, sai an nemi adafta mai ɗan hannu da ke tura ƙarfen ƙofar daga baya, kana tsukewa da kintace.

Nan ne iri na biyu ya shigo, adafta mai ƙwaƙwalwa. Ita tafinta ce. Bodin Sony ya yi magana da yarensa, ta juya wa lensin Canon da nasa, ta kuma dawo da amsa. Matsalar ita ce tafintan ba a makaranta ya koyi yaren ba, laɓewa ya yi yana saurare har ya tsinta, domin Canon bai wallafa wa duniya sirrin maganar EF ba. Kamfanoni irin su Metabones da Viltrox da Fringer da haka suka gina kasuwarsu. Sigma ta fito da tata, MC-11, a 2016, kuma ta faɗa ƙarara cewa lensunanta kaɗai ta ɗauki alhaki. In na Canon ya yi aiki, to madalla. Shi ya sa ake sabunta manhajar adafta kamar yadda ake sabunta ta waya, kuma lensin da ya ƙi jiya yana iya yarda gobe.

Da rana tsaka, a fili, da ƙyar za ka gane akwai adafta. Wurin da asirinta ke tonuwa shi ne zauren biki da daddare. Fitilu masu launi suna juyawa, an kashe manyan, ƙawaye sun sako amarya a gaba suna tafe a hankali, mayafinta na walƙiya. Ka danna rabin maɓalli, lensi ya yi gaba, ya wuce fuskar, ya dawo baya, ya sake wucewa, kana jin motarsa tana gurnani a tafin hannunka. Kafin ya tsaya, an wuce ka, abin da ya rage maka ƙeyar masu rakiya. Ba a sake shigowar amarya don mai hoto bai shirya ba. Sababbin adaftoci da sababbin bodi sun rage wannan matsala ƙwarai, ban musa ba, amma wanda abincinsa ke kan lokacin da ba ya dawowa, biki ko ƙwallo ko hawan sallah, ya kamata lensin da ya fi dogara da shi ya zama ɗan gida. Sauran ya yi wasa da su yadda ya so.

Ko cikin gida ɗaya ma ba a rasa tangarɗa. Adaftar Canon da ke kai lensin EF kan bodin RF tana aiki kamar babu ita, don mai yaren ne ya ƙera ta. Ta Nikon mai suna FTZ ma haka, sai dai tsofaffin lensunan Nikon da bodi ke juya musu fokas da ɗan sukurun ƙarfe, a kanta sun koma na hannu, saboda ba a sa mata motar juyawar ba. Wani ƙaramin abu kuma da ba a faɗa wa mai saye: zoben fokas na Nikon yana juyawa ne kishiyar na Canon. Hannun da ya saba da ɗaya zai yi ta kai ka nesa lokacin da kake son kusa. A hoto abin haushi ne kawai, a fim kuwa sai an sake ɗauka.

Masu bidiyo suna da nasu ciwon kan. Sensa ba girmansu ɗaya ba. In ka ɗora lensin da aka yi wa cikakkiyar sensa a kan ƙarama, tsakiyar hoton kaɗai take kamawa. A yawancin ƙananan kyamarorin Sony da Fujifilm da Nikon ana ninka tsawon da ɗaya da rabi, a na Panasonic irin su GH4 da GH5 kuwa ninki biyu ne cur. Lensi mai 50 ya koma kamar mai 100. Wanda ya taɓa ɗaukar fim a ɗakin gidanmu na gargajiya, gado ya cinye rabi, kabet ya cinye sauran, ya san abin da wannan ke nufi: ka ja baya har bayanka ya daki bango, amma fuska ɗaya ce ta cika allo. A 2013 Metabones ta fito da maganin wannan, adafta mai gilashi da ta kira Speed Booster, wadda masanin gilashi Brian Caldwell ya tsara. Tana tattaro hoton da lensi ya watsa ta matse shi kan ƙaramar sensa, ta rage tsawon zuwa kashi 71 cikin ɗari, hasken kuma ya ninka. Ga faɗi ya dawo, ga haske ya ƙaru. Wannan gilashin an lissafa shi da kyau, ba irin na banzan da na ambata ɗazu ba ne, kuma kuɗinsa ma ya nuna haka.

Bakin EF dai ya zama na kowa a duniyar bidiyo ba tare da an yi taro an amince ba. Tun da Canon 5D Mark II ta fito a 2008 ta nuna cewa kyamarar hoto za ta iya ɗaukar fim mai kyan gani, masu ƙaramin jari a ko'ina suka rungume ta da ƙannenta, har da masu shirya fim a Kano da Jos da Legas. Lensunan EF suka cika hannun jama'a, har ta kai kamfanonin kyamarar fim irin su Blackmagic da RED, da Panasonic a kyamararta EVA1, suna ƙera bodi da bakin Canon kai tsaye.

Manyan masu fim kuwa sun daɗe suna wannan haɗe-haɗe, tun kafin a san adaftar kasuwa. A shekarun 1960 kamfanin Zeiss na Jamus ya ƙera wani lensi mai milimita 50 da ƙofar haske f/0.7, wanda ke gani a wurin da ido ke laluɓe. Guda goma kacal aka yi, shida suka tafi hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. Darakta Stanley Kubrick ya sayi uku, domin yana son ɗaukar fim ɗinsa Barry Lyndon, labarin ƙarni na sha takwas, da hasken kyandir kamar yadda mutanen zamanin suka rayu. Lensin ba a yi shi don kyamarar fim ba; gilashinsa na baya sai ya matso 'yan milimitoci kaɗan daga fim ɗin kansa. Babu zoben da zai yi wannan aiki. Sai wani injiniya, Ed DiGiulio, ya ɗauki kyamarar Mitchell ya fafe cikinta, ya sake mata baki, ta zama ta wannan lensi har abada. Wurin da ke fitowa sarai a hoton siriri ne ƙwarai, har 'yan wasa suka koyi zama ba tare da sun karkata gaba ko baya ba. Fim ɗin ya fito a 1975, kuma mai ɗaukarsa, John Alcott, ya ci kyautar Oscar.

A ɗaya gefen kuma ga Helios 44, lensin Tarayyar Sobiyet mai milimita 58, wanda aka kwaikwayo daga Biotar na Zeiss aka buga miliyoyi, ana manna shi a kan kyamarar Zenit. Yana da aibi: abin da ke bayan mutum yakan fito yana juyawa kamar ana dama shi. Aibin ne ya zama abin so. Greig Fraser ya yi amfani da shi a wasu wurare na fim ɗin The Batman na 2022, ya kuma sake ɗauko lensunan Sobiyet a kashi na biyu na Dune, bayan wani kamfanin Yukren mai suna IronGlass ya sake musu riga. Gargaɗi ɗaya ga mai Canon 5D: gindin wasu lensunan M42 yana leƙawa ciki sosai in an kai fokas nesa, har madubi ya doke shi.

Sai dai kada labarin Kubrick ya ruɗi samarinmu. Shi da ya sa lensin NASA, ya san inda zai dasa kowane kyandir. Tsohon lensi ba ya gyara hasken da ba a tsara ba, kuma da yawa daga cikin abin da ake tallatawa da sunan "na da" lalatacce ne kawai. In za ka saya, ka buɗe ƙofar hasken gaba ɗaya, ka haska fitilar wayarka ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma in ka ga farin zare-zare ya yi rassa a jikin gilashi, fumfuna ce, laima ta haife ta, kuma tana cin fatar gilashin. In ka ga hazo, hoto zai fito fari-fari. Ka murɗa zoben ƙofar ka ga ganyayenta suna buɗewa suna rufewa da sauri, babu maiƙo a kansu.

Adaftar ma a duba ta, don araha ba ta ado. Zoben da ya kauce da kashi ɗaya cikin goma na milimita ya isa ya hana lensi mai faɗi kaiwa nesa. Wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri zai ba ka hoton da dama ta fito, hagu ta dushe. Wanda cikinsa ke ƙyalli zai watsa haske ya wanke launi. Gwajin ba wuya: ka ɗaura, ka girgiza lensin a hankali ka ji ko yana wasa, ka fita waje ka nemi eriyar waya mafi nisa ka ga ko za ta fito sarai, ka tsaya daidai gaban katangar bulo ka ɗauka, ka duba kusurwa huɗu. Ka kuma gwada cirewa tun kana shagon, domin akwai zoben da in ya kama lensi sai an kai wa mai gyara. Lensi mai nauyi, irin 70-200 ɗin nan da ya kusa kilo ɗaya da rabi, shi ake riƙewa, ba bodi ba, kada nauyinsa ya rataya a kan zobe. Mu kuma da muke da hunturu, ku tuna adafta ta mayar da baki ɗaya ya zama biyu, ga sensar yawancin kyamarori marasa madubi a tsirara take da zarar an cire lensi. A bar adafta a jikin lensinta da murfi, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa kafin a sauya.

Abin da ya fi damuna shi ne inda aka dosa. Da ƙarfe ya daina tsare kwastoma, sai aka mayar da katangar cikin manhaja. Sony ta buɗe bayanan bakin E ga masu ƙera lensi tun 2011, abin da ya sa Sigma da Tamron da Samyang suka cika mata kasuwa. Amma a manyan kyamarorinta irin A1, lensin gida yana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, na baƙo an tsayar da shi a 15. Olympus da Panasonic sun haɗu a kan baki ɗaya a 2008, lensin wannan na hawa bodin wancan ba adafta, amma haɗin gwiwar hana girgiza tsakanin lensi da bodi sai 'yan gida ɗaya. Leica da Panasonic da Sigma sun ƙulla ƙawancen bakin L a 2018, wannan abin a yaba ne. Canon kuwa ya rufe RF ruf: a 2022 Viltrox ya bayyana cewa an umarce shi ya daina sayar da lensunansa masu fokas da kansu na wannan baki, sai a 2024 aka ba Sigma da Tamron lasisi, shi ma aka fara da na ƙaramar sensa. Nikon Z, da tazararsa ta milimita 16, yana karɓar kusan na kowa, har lensin Sony ta kan zobe mai kaurin milimita 2, amma lensin Z ba ya hawa bodin wani gida. Wanda jiya ba ya saukar da baƙo, yau shi ne babban mai masauki, 'ya'yansa kuma ba sa kwana a gidan wani.

Ga kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Yawancin sababbin lensunan nan, zoben fokas ɗinsu ba ya haɗe da gilashi. In ka murɗa, saƙo yake aikawa, mota ta motsa gilashin. Ka cire masa lantarki, ka murɗa har ka gaji, babu abin da zai gusa. Helios ɗin da aka buga zamanin Brezhnev zai hau duk kyamarar da za a ƙera nan da shekara arba'in, in dai akwai mai yanka zoben ƙarfe. Lensin da aka saya bana da kuɗin fili, ranar da kamfaninsa ya sauya baki ko ya rufe yarensa, sai abin da masu laɓe suka iya tsinta.

Mu da muke sayen kayan nan da dala, ga yadda naira ta zube tun 2023, ba mu da kuɗin da za mu riƙa sauya jaka duk lokacin da Tokyo ta sauya ra'ayi. Sa'ar da muka taka ita ce, masu hoto a Turai da Amurka suna komawa kyamarori marasa madubi suna zubar da lensunansu na EF da F a kasuwar gwanjo. Lensin EF guda ɗaya yau yana hawa Canon RF, da Sony, da Nikon Z, da Fujifilm, da Panasonic, da Blackmagic, kowanne da adaftarsa. In da ni ne matashin da ke haɗa jakarsa ta farko, nan zan zuba kuɗina, in sayi adafta ɗaya ta kirki ko da ta ci kuɗin ƙaramin lensi, in kuma tafi shago da bodina a rataye, a ɗaura a gabana, a shiga da ni lungu mafi duhu na shagon in danna in gani kafin in ƙirga ko sisi.